Farautar Yanyawa da Dare a Gonakin Burtaniya: Daga Zagayen Rana Zuwa Jan Kunama

A watan Maris, lokacin da tumaki ke haihuwa a tuddan arewacin Ingila, makiyayi ba ya samun barcin kirki. Na taɓa tsayawa da wani dattijo mai garke da sassafe, sanyi na yanka kunne, a gindin wata katangar duwatsu inda ɗan tunkiya ke kwance ba kai. Ni dai na riga na yanke hukunci cewa yanyawa ce ta kashe shi. Shi kuwa sai ya durƙusa, ya juya kofaton ɗan, ya shafa ƙarƙashinsa da babban yatsa. Ya ce, "Duba nan, ɗana. Wannan bai taɓa taka ƙasa ba. A mace aka haife shi, mushe ta tarar ta ci." Akwai wata laushin fata da ke rufe kofaton jariri, wadda ke gogewa da zarar ya miƙe ya yi tafiya, kuma tana nan ba ta goge ba. A daren nan ba a fita da bindiga ba.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce jar yanyawar Turai. Da yawa daga cikinmu kan kira ta dila, kuma wayonta ya kai a ba ta sarautar malamin daji, amma a dangi ta fi kusa da yanyawar da muka sani a Sahel, sai dai ta ninka ta girma. Namijin kan kai kilo shida zuwa bakwai, macen ta ɗan gaza haka. A Burtaniya babu zaki, babu kura, an ƙarar da kyarkeci tun ƙarnonin baya, don haka ba wanda ke taka mata burki sai mota, cuta da ɗan Adam. Harbinta da dare halal ne a dokar ƙasar, dokar 2004 kuma ta hana farautarta da garken karnuka a Ingila da Wales, bindiga kuwa ita ce babbar hanyar da manoma ke bi. Wanda ya samu kansa yana aiki a gonar Turawa, ko aka gayyace shi ya riƙa wa wani fitila, ga yadda aikin yake tafiya.

Da farko, tabbatar akwai laifi, kuma ka san mai laifin

Binciken da aka yi a gonakin tudu na Scotland ya nuna cewa 'ya'yan tumakin da yanyawa ke kashewa ba su cika kai biyu cikin ɗari ba. Sanyi, yunwa da wahalar haihuwa sun fi ta ɓarna nesa ba kusa ba. Amma wannan lissafin ƙasa ne. Manomin da yanyawa guda ta gane hanyar garkensa, take ɗauke masa ɗaya daga cikin tagwaye kowane dare yayin da uwar ke fama da ɗayan, ba ruwansa da kaso cikin ɗari. Haka mai kaji: in ta shiga akurki takan kashe fiye da abin da za ta ci, ta ɗauki ɗaya ta bar sauran a zube.

Saboda haka sai ka duba gawa. Ka feɗe fatar wuya: in akwai jini da ya taru a ƙarƙashin fata inda haƙora suka shiga, da ransa aka cije shi. In babu, mushe ne aka ci. Ka duba kofato yadda dattijon nan ya yi. Ka kuma tuna cewa karnukan gida da aka saki suna yi wa tumaki ɓarna sosai, kuma aikinsu daban yake: kare yakan yayyaga, ya raunata da yawa, ya bar su da rai.

Kyamarar daji, irin wadda ake ɗaurewa a jikin itace tana ɗaukar hoto in abu ya gifta, ita ce abokiyar aikinka ta farko. Kwana uku ko huɗu sun isa ta nuna maka ta ina take shigowa da kuma ƙarfe nawa. Yanyawa dabba ce mai bin al'ada. In ta ratsa ta ƙarƙashin wani shinge ƙarfe goma saura kwata yau, gobe ma kusan haka za ta yi. Mutumin da ya san wannan zai zauna awa ɗaya ya gama aikinsa, wanda bai sani ba ya kwana yana yawo da fitila.

Kafin ka kai ga bindiga kuma, a rufe ƙofofin da ke jawo ta. A kwashe mabiyiya da mushen 'ya'yan tumaki daga fili kullum, a shigar da masu tagwaye rumfa na kwanakin farko, a kewaye kaji da wayar lantarki, a rufe akurki kafin magariba. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi arha.

Akwai dalili na biyu da ke sa a rage yanyawa, wato tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. A Otterburn, cikin lardin Northumberland, an gudanar da gwaji daga 2000 zuwa 2008 inda aka rage yanyawa da hankaki a wasu filaye aka bar wasu. Tsuntsaye irin dangin zakaran ƙeƙuwa sun yi nasarar raino kusan ninki uku a inda aka rage. Don haka za ka tarar har masu kare namun daji suna ɗaukar maharba aiki a wasu wurare.

Takardu

Ba a wasa da wannan ɓangaren. A ƙarƙashin dokar makamai ta 1968, raifil sai da lasisi daga 'yan sandan yankinka. Za ka nuna dalili mai ƙarfi, ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, tun daga Nuwamba 2021 kuma sai da bayanin likitanka. Za su zo gida su ga akwatin ƙarfen da za ka kulle bindigar. Lasisin na shekara biyar ne, kuma a jikinsa ake rubuta irin bindigar da dabbar da aka yarda ka harba da ita. Sabon shiga galibi ana taƙaita shi ga filayen da 'yan sanda suka amince da su. Ka karanta sharuɗɗan naka kalma bayan kalma.

Sai izinin mai gona, a rubuce, a aljihunka. Shiga filin wani da bindiga ba izini babban laifi ne, kuma ƙetare shinge don ɗauko dabbar da ta faɗi a gonar maƙwabci na iya jefa ka cikinsa. A Ingila da Wales laifi ne ka yi harbi cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titin mota in hakan ya raunata mai wucewa, ko ya tsorata shi har ya katse masa tafiya, ko ya sa shi cikin haɗari. Guba haramun ce. Tarkon waya mai zargewa an hana shi a Wales tun 2023, a Scotland tun 2024.

Wasu dabbobin da za ka haɗu da su da dare doka na kare su. Dagen Turai, mai farin zane a fuska, yana da dokarsa ta 1992. Barewa ba a harbinta da dare sai da lasisi na musamman. Ka kuma yi inshora. Ƙungiyar maharba ta BASC na ba mambobinta, kuma tana da ƙa'idojin harbin dare a rubuce waɗanda ya kamata ka karanta kafin ka fita. Mai riƙon fitila ba ya buƙatar lasisi muddin ba shi ke riƙe da bindigar ba.

Zagayen rana

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya da ba a tsallakewa, wannan ne. Ba ka harbi da dare a filin da ba ka taka shi da rana ba.

Ka ɗauki taswirar gonar, ka bi iyakarta da ƙafa tare da mai ita. Ka san ina gidaje suke, ina titi, ina rumfar dabbobi, ina tankin ruwa da wayoyin lantarki. Burtaniya cike take da hanyoyin ƙafa da doka ta bai wa kowa damar bi ta tsakiyar gonakin mutane, dare ko rana. Mai yawo da kare, mai gudun motsa jiki, masoya, mai kallon mujiya, duk kana iya tarar da su ƙarfe goma sha ɗaya na dare a inda kake zaton babu kowa. Ka sa wa kowace hanya alama.

Daga nan sai ka tsaya a duk inda kake tunanin za ka yi harbi, ka tambayi kanka: in na yi kuskure, ko harsashin ya ratsa ta ya fita, a ina zai sauka? Wannan shi nake kira masaukin harsashi, kuma amsa ɗaya ce kawai ake karɓa: ƙasa mai laushi, wadda kake gani da idonka, tana tasowa a bayan dabbar. Shinge ba masauki ba ne. Kurmi ba masauki ba ne, don ba ka san wa ke cikinsa ba. Duhu ma haka. Harsashin raifil mai lamba .223 da ya tsallake kan tudu yana iya tafiyar kilomita uku. Ƙasa mai duwatsu, ƙasar da ƙanƙara ta daskarar da kuma saman ruwa suna sa harsashi ya yi tsalle ya canza hanya. A filin da yake shimfiɗe sarai, mafita ita ce ka hau sama, kan kujerar ƙarfe mai tsani ko bayan a-kori-kura da ke tsaye, don harbin ya nufi ƙasa.

Ka auna nisa tun da rana. Daga ƙofar nan zuwa itacen can mita 90, zuwa kwanar shinge mita 140. Da dare ido na yaudara ƙwarai, abin da ke mita 200 sai ka rantse yana ɗari. Ka lura da ramuka, magudanan ruwa da wayar ƙaya, domin faɗuwa da bindiga a hannu haɗari ne na kansa. A ƙarshe ka tambayi manomi a wane fili dabbobinsa za su kwana a daren, don yana iya matsar da su da yamma.

Kayan aiki

Raifil da aka fi amfani da su su ne .222, .223, .22-250 da .243, da harsashi mai fashewa cikin jiki, wanda ke kashewa nan take kuma bai cika ratsawa ya wuce ba. Ƙananan bindigogin zomo irin .22 na gargajiya ba su dace ba sai a kusa ƙwarai, bindigar iska kuwa ba a ma maganarta. Bindiga mai watsa ƙwayoyi, irin mai baki biyu, tana aiki da manyan ƙwayoyi a nisan da bai wuce mita 30 ba. Bayan haka raunatawa kawai take yi.

Ka daidaita saitin madubinka a mita 100, da irin harsashin da za ka fita da shi, ka kuma sake gwadawa duk lokacin da bindigar ta bugu. In ba ka iya zuba harsashi uku a fili kamar tafin hannun yaro a wannan nisan, ba ka isa fita ba tukuna. Salansa, wato na'urar rage ƙarar bindiga, na kare kunnenka da barcin maƙwabta. Sandunan dogarawa ko ƙafafun da ake maƙala wa bindiga dole ne. Ba a harbin dare a tsaye hannu sake.

Wajen gani, hanyoyi uku ne. Tsohuwar ita ce babbar fitila mai batir, sau da yawa da jan gilashi ko ruwan goro a bakinta don rage kaifin haske. Ta biyu madubin ganin dare, mai aiki da hasken da ido ba ya gani. Ta uku na'urar ganin zafin jiki, irin ta Pulsar ko Hikmicro, wadda ta canza sana'ar gaba ɗaya, domin tana nuna maka duk mai rai a fili tun daga nesa ba tare da ka haska komai ba. Ina ganin amfaninta mafi girma shi ne tsaro: da ita za ka hango mutumin da ke tafe a bayan shinge. Amma tana da nata rauni. Fari ko baƙin dunƙule take nunawa, kuma a nesa kyanwa, ƙaramin kare, dage da wata 'yar barewa mai kama da gada da ake kira muntjak duk kusan siffarsu ɗaya. Mafi kyawun tsari shi ne ka nema da na'urar zafi a hannu, ka tantance da haske ko madubin dare. Kada ka taɓa neman dabba da madubin da ke kan bindiga, domin duk abin da ka kalla da shi ka auna shi da baki ke nan.

Sauran: waya da caji, ƙaramar tocila ta goshi, safar hannu ta roba, buhu, kayan taimakon gaggawa, da tufa mai ɗumi wadda ba ta ƙara in ka motsa.

Lokacin shekara

Doka ba ta ware wa yanyawa lokacin hutu ba, amma maharbi mai imani yana da nasa. Barbara na kankama a Janairu, lokacin da za ka ji kukan macen kamar ihun mutum cikin dare. Ciki kwana 52 ne ko kusa da haka, haihuwa a Maris zuwa Afrilu, 'ya'ya huɗu ko biyar a rami, makafi, ba abin da suke iya yi sai shan nono. Ka ga matsalar: lokacin da tumaki ke haihuwa shi ne lokacin da yanyawa ke shayarwa. In ka harbe uwa mai nono, ka bar 'ya'ya su mutu da yunwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma alhakin nemo ramin da gamawa da su cikin gaggawa yana wuyanka. Aiki ne mara daɗi, kuma hanyar kauce masa ita ce a yi aikin da wuri, daga Janairu zuwa Fabrairu, kafin haihuwa. Wanda ya jira sai ɓarna ta fara ya makara.

Lokaci na biyu shi ne bayan girbin alkama da sha'ir, a Agusta da Satumba, sa'ad da filaye suka buɗe kuma 'ya'yan bana suka girma suka fara yawo. Daren da aka yanke ciyawa ma yana jawo su, don injin na barin matattun ɓeraye a fili.

Daren da ya fi shi ne mai duhu, da gajimare, da 'yar iska mai kaɗawa ta gefe guda. Farin wata na tona ka. Hazo kuwa dalili ne na komawa gida, domin ba ka ganin abin da ke bayan dabbar.

Daren fita

Kafin ka bar gida, ka sanar da manomi, ka gaya wa iyalinka inda za ka da lokacin dawowa, ka buga 101 ka shaida wa 'yan sanda, su ba ka lambar shaida. Mutumin ƙauye da ya hango haske na yawo a gona ya ji ƙarar bindiga zai kira su, kuma gara su riga sun sani.

Mutum biyu sun isa, mai fitila da mai bindiga, uku in akwai direba. Ku yi magana tun a mota: bindiga ɗaya ce ke aiki, ba wanda ke rabuwa da sauran, mai fitila yana tsayawa a gefe ko bayan maharbi, kuma kowa na da ikon cewa "a'a" ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ba a sa harsashi a baki sai an tsaya za a yi harbi, ana cire shi kafin a haura shinge, a tsallake rami ko a shiga mota.

Ku shiga fili iska na bugun fuskarku. Hancin yanyawa da kunnenta sun fi idonta, kuma in ta ji kira takan zagaya ta bayan iska don ta shinshina kafin ta matso. Ka zaɓi wurin tsayawa da zai sa wannan zagayen ya biyo da ita ta gaban masauki mai kyau. Ka sa shinge ko itace a bayanka don kada siffarka ta fito a sararin sama. A rufe ƙofar mota a hankali, a daina magana.

Mai fitila ya share filin sau ɗaya, da sauri, ya kashe. In idanu suka ƙyalla, kada ya dasa hasken a fuskarta. Ya ɗaga shi sama kaɗan ko ya sauke, ya riƙe ta a gefen hasken, sai maharbi ya shirya sannan ya haska ta sosai. Yanyawar da aka taɓa haskawa aka harba aka kuskure ta koyi darasi har abada. Da ta ga haske sai dai ka ga wutsiya. Shi ya sa harbin ganganci ke ɓata wa manomi aiki na shekara guda.

Kira kuwa fasaha ce mai daɗin koyo. Ka jiƙa bayan hannunka, ka manna leɓe, ka tsotsa: sautin da ke fita kamar kukan zomon da aka kama ne. Wasu na goga farin soson kwali a jikin gilashin mota da aka jiƙa, wasu na da na'urar kira mai batir da ake ajiyewa can gefe. Ka fara a hankali, ka yi shiru minti biyu ko uku, ka sake. Na ga wata matashiyar yanyawa a watan Satumba ta taso daga ƙarshen fili a guje kamar an jawo ta da igiya, ta tsaya cak a mita sittin, ƙafa ɗaya a ɗage, kunnuwa a miƙe, farin ƙirjinta na haske. Tsohuwa ba ta yin haka. Ita sai ta zauna can nesa ta zuba maka ido, kuma maganinta shi ne kwanto a hanyar da kyamara ta nuna maka, ba fitila, ba kira.

Ba a harbin ido

A nan ne rayuka ke salwanta. A bayan idon dabbobin dare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke sa idanunsu ƙyalli. Za ka ji masu cewa sun san idon yanyawa da launinsa, wai na tunkiya kore ne, nata ja-ja. Kada ka karɓi wannan. Launin na canzawa da irin fitila, da gilashin da ke bakinta, da yadda dabbar ta juya kai. Gilashin ido, madubin hangen nesa, agogon hannu, ƙyallen rigar mai gudu, kwalar kare, duk suna mayar da haske.

A watan Satumba na 2004, a wata gona a lardin Devon, yaro ɗan shekara 13 ya rasa ransa a irin wannan fita. Yana cikin tawagar, aka rabu a duhu, wani daga cikin iyalinsa ya yi harbi yana zaton yanyawa ce. Ba baƙo ba ne ya harbe shi, ba kuma maƙiyi ba.

Don haka kafin yatsa ya kusanci kunama, abu uku za ka tabbatar, a jere. Ka ga dabbar gaba ɗayanta: doguwar wutsiya mai gashi, tsinin baki, kunnuwa masu tsini, da tafiyarta. Ka ga ƙasar da ke bayanta. Ka san inda kowane abokin tafiyarka yake a wannan daƙiƙar, ba inda yake minti biyar da suka wuce ba. In ɗaya ya ɓace, an fasa. Yanyawar da ke tsaye a kan tudu, sama ce kawai a bayanta, ba a harbinta ko da ita ce ta cinye rabin garke. Wadda ke bakin shinge rabin jikinta a ɓoye, ita ma haka. Za ta dawo gobe, kuma kai ma kana nan.

Na sha ganin gogaggen maharbi ya kwanta, ya saita, ya daɗe, sannan ya ɗago kai ya zare harsashi ya ce mu tafi. Ban taɓa jin manomin kirki ya yi masa ƙorafi a kan haka ba.

Harbin da abin da ke biyo baya

Ka tsaya a nisan da ka tabbatar da kanka. Ga yawancin mutane da dare, mita 150 iyaka ce mai kyau, ƙasa da haka ya fi. Ba a harbin mai gudu da raifil. In tana tafiya, ɗan gajeren kira ko tsaki zai sa ta tsaya ta waiwayo na daƙiƙa biyu ko uku, kuma wannan ne lokacinka. In ta ba ka gefe, ka auna ƙirji, daidai bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke. In tana fuskantarka, tsakiyar farin ƙirjin. Kai ƙarami ne kuma ba ya zama wuri ɗaya; kuskuren yatsa biyu sai ya farfasa muƙamuƙi, dabba ta tsere ta yi kwanaki tana mutuwa.

Bayan harbi ka sake ɗura harsashi nan take, ka ci gaba da kallonta ta madubi, mai fitila kuma kada ya ɗauke haske. In ta motsa, ka ƙara mata, muddin bayanta na nan lafiya. In ta shige kurmi da rauni, nemanta wajibi ne: ka sa alama a inda take tsaye, ka bi jini da tocila da na'urar zafi, in ya gagara ka dawo da asuba da kare mai bin sawu. Lokacin da wani zai je ɗauko gawa, a cire harsashi, a buɗe bindiga, a faɗa da baki cewa an cire.

Ka sa safar hannu kafin ka taɓa ta. Burtaniya ta rabu da cutar haukan kare a dabbobin ƙasa tun 1922, amma yanyawa na ɗauke da ƙazuwa mai kama karnuka, da tsutsar ciki mai iya cutar da mutum. Ka duba cikinta: in mace ce kuma nonuwan sun kumbura, gashin kewayensu ya zube, akwai 'ya'ya a rami, kuma aikin gobe da safe ya same ka. Gawar a binne ta da zurfi, nesa da rafi da rijiya, a inda manomi ya nuna. Kada a rataye ta a shinge ko a bar ta a bakin hanya.

Kafin ka shiga mota, ka duba bindiga sau biyu, ka mayar da ita jakarta, ka rufe duk ƙofar gona da ka buɗe. A gida ta koma akwatinta a kulle kafin ka cire takalmi. Ka rubuta kwanan wata, fili, jinsi da lokaci a ɗan littafi, ka aika wa manomi saƙo da safe.

Filin da aka cire yanyawa ba ya daɗewa babu kowa. Cikin 'yan makonni, musamman da kaka lokacin da matasa ke neman wurin zama, wata za ta shigo daga gonar maƙwabta ta gaji hanyoyin. Sabuwar tana iya zama mai cin zomo da ɓera kawai, wadda ba ruwanta da garke, kuma irin wannan manoma da yawa sun fi son a bar musu ita. Ka mayar da kyamarar jikin itacen nan na bakin shinge, ka sa mata sabon batir, ka dawo bayan mako biyu ka ga wa ke wucewa.